Hoton Baba Da Kallabi

Hammadu Kafi, Gombe

Ya Sadiƙa,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Kin fara iya girki kuwa?

Lafiyata ƙalau, sai dai tun rasuwar Baba hannuna ya ƙi ɗaukar hoto. Maƙwabcina Cornelius zai buɗe min shafi a intanet in zuba hotunana, ko zuciyata za ta dawo.

Wanda nake so in fara sawa shi ne na Baba yana gyangyaɗi, ranar da na ɗaura masa kallabinki. Ya yi min faɗa sosai. Yanzu hotonsa ke nan kaɗai a hannunmu.

Ki tambayar min Inna. In ba ta yarda ba, na haƙura da shafin, don ba zan buɗe shi babu Baba ba.

Ƙaninki,
Abba Gana