Gunjin Kujerar Gefena

Montreal, Talata

Wendell,

Gaisuwa, da fatan ka sauka Seattle lafiya.

"Ina tare da ke, Corinne." Haka ka ce mini a bakin zauren taro, bakinka cike da biskit ɗin kyauta. Ka san shekarun da na yi ina gyara ƙa'idojin intanet kafin a buga su. Ka kuma san abin da aka kawo ranar: a karɓe ikon yanke hukunci daga hannun edita, a miƙa wa zauren da kowa zai iya shiga. Wato ni in koma mai gyaran waƙafi.

Mu ba ma ɗaga hannu. Shugaban taron ya ce masu goyon baya su rufe baki su yi gunji, don kada a gane wa ya zaɓi me. Dabara ce mai kyau, sai dai ba a yi ta don mutanen da kujerunsu ke manne da juna ba. Kana gefena, naka gunjin ta jikin kujerata na ji shi. Idonka na kan kwamfuta, kamar mai duba saƙo.

Da aka zo kan masu adawa, sai tari ya kama ka.

Allah ya ƙara sauƙi,
Corinne

Seattle, Juma'a

Sarauniyar waƙafi,

Na gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba.

E, na yi gunjin. Ba ke na ƙi ba, kujerar editan na ƙi. Kin tuna injiniyan nan na garin Recife da kika mayar wa aikinsa? Ya rasa inda zai kai ƙara. Ke mai adalci ce, amma wanda zai gaje ki fa? Na so in faɗa miki a bakin zauren, na kalli fuskarki, na ci biskit.

Gara ki ji daga bakina: ni aka naɗa in shugabanci sabon zauren. Sabon tsarin zai biyo ta teburinki kafin a buga, kamar komai. Ina so in sa sunanki a sashen godiya. Mutane za su natsu idan suka ga da yardarki.

Naki har kullum,
Wendell

Montreal, Litinin

Shugaba,

Barka da sabon muƙami.

Tsarin naku ya zo, na gyara shi tsaf. Akwai jimlar da ta kore ni daga muƙamina sau biyu, na mayar da ita sau ɗaya. Batun injiniyan Recife kuwa, da gaskiyarka, kuma da ka faɗa da baki a buɗe da na saurara.

Na cire sunana. Abin da muka buga ba a sake taɓa shi har abada, kuma ba zan zauna a cikinsa ina yarda da abin da ban yarda da shi ba.

Na ajiye aikin; mai gadi na tsaye yana jiran in miƙa katin shigata. Ya ce in ja ƙofar da ƙarfi, ba ta kama kanta.

Ka huta lafiya,
Corinne