Hatimin Silifa

Zuwa ga Yaya Tanki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Mijinki ya ce maganin da ake ƙara miki ta jijiya ya farfasa miki baki, ba kya iya magana a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ƙaninki allo kawai ya yi, bokon a bakin shago na tsince shi.

Gida lafiya lau. Jiya Inna ta zauna a kujerarki ta gaban keken ɗinki, ta ce har yau ramin da kika yi wa katifar bai ciko ba. Na ce ai mutum biyu ma sa shige, har da kayansu. Ta jefe ni da mafici. Mahaucin bakin layi kuma kullum sai ya tambaye ki, wai tun da kika kwanta asibiti ƙudaje ne kawai ke zuwa teburinsa.

Ga tsokar nama nan a cikin kular abinci, na sa an dafa ta ta yi luguf. Amma Yaya, in sun ba ki wani abincin a can, ki ɗan taɓa mana. Ba don komai ba.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Auta mai hatimi

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙo, Allah ya yi albarka. Jiki da sauƙi, sai dai ciwon daji ba ya gaggawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya ɗora ni a sikeli, ya ce in na ƙara sauka za su ɗage mini maganin mako mai zuwa, don jikina ba zai ɗauka ba. Yana so in ci shinkafa mai laushi, da madara, da ayaba. Na ce a'a. Naman kuwa tauna shi azaba ne, yanka biyu nake iyawa a yini, amma ba zan karya doka ba. Na ciro masa takardar da ka karɓo mini bara a wurin babban likitan nan naka: nama zalla, gishiri da ruwa. Na ce da ita na sauke abin da na shekara goma ina ɗauke da shi, cikin wata biyar kacal.

Matar da ke gadon kusa da ni ma ta kwafe ta, ita ma ta daina karɓar abincin asibiti.

Likitan ya daɗe yana kallon hatimin da ke jikin takardar. Ya ce yana son ya yi magana da abokin aikin nasa. Ka aiko mini da lambarsa gobe, kada ka tsaya shiriritarka.

Ka gaida Inna.
Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce takarda ta huɗu, uku na yaga.

Babu lamba. Babu likita. Ni ne.

Kin tuna ranar da bencin ƙofar shagonmu ya karye da ke, 'yan layi suka yi ta dariya, ni na fi kowa? Washegari babu aiki. Na ɗauki tsohon silifan Inna, ƙafar hagu, na yanka shi da reza na sassaƙa hatimi, har da ɗan maciji a jikin sanda irin wanda nake gani a jikin motar asibiti. Mai kwamfuta na kusa da mu ya buga mini takardar. Dokar kuma a waya na ji wani ƙato yana faɗa, ban ma saurara har ƙarshe ba.

Wallahi lissafina kwana uku ne. Na ce Yaya da burodi, ai ba za ta kai Juma'a ba, za ta biyo ni da tsintsiya, in ciro hatimin mu yi dariya. Sai kika riƙe. Sai kika fara ramewa, kina rage wa rigunanki faɗi kina murna, matan layi suna kirana Dokta, ni kuma ina tafe ina buɗa kafaɗa. Daɗin sunan ya rufe mini baki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar da kika riƙe ciki a gaban keke, kika ce, "Auta, cikin nan yana murɗa mini, anya kuwa?" Na ce, "Kitse ne ke narkewa, Hajiya." Kika yi dariya kika ci gaba da ɗinki. Ramar da nake tinƙaho da ita, ashe ciwo ne ke cinki, mu muna tafi.

Tun da aka faɗi sunan ciwon nake son in faɗa, in na ɗaga ido na ga Inna sai in fasa. Har yau tana neman ƙafar silifan nan, tana zargin karen maƙwabta.

Don Allah ki ci abin da suka ba ki. Ki faɗa wa matar gadon kusa. Ban ce ki yafe ba, ban san da wane baki zan roƙa ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta sau biyu. Kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba.

Na ci shinkafa cokali shida. Maƙwabciyata ta ci tara, tana ci tana zaginka.

Na tambayi likita. Ya ce ba takardarka ce ta kawo ciwon ba. Na tambaye shi wata biyar ɗin nan fa, da na zo tun lokacin? Sai ya hau gyara robar ƙarin ruwa.

Ka zo ranar Laraba, kafin a ɗora ni a sikeli. Ka taho da hatimin, kai za ka miƙa masa da hannunka. Inna kuma kai za ka faɗa mata, ba ni ba. Ka kawo ayaba.

Wasiƙarka ta zo babu Tanki a samanta. Ka mayar mini da sunan tsokanata, ina da niyyar sake cika kujerata.

Yayarka