Bangon da Ya Nuna wa Kaka Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, ya aiki? Mu ma duk lafiya lau.

Direba ya kawo fentin da ka aiko, bokiti biyu. Baba ya buɗe murfin. A jikin bokitin an rubuta launin zaitun, amma kore ne mai duhu da ya sirka da ruwan ƙasa. Mama ta ce, "Wannan ai kakin soja ne, barikin za mu koma?"

Akwai wata magana kuma. Idon Kaka ya ƙara rauni. Shekaranjiya ta yi karo da bakin ƙofar falo, goshinta ya kumbura. Gwaggo ta ce ƙarshen wata za ta ɗauke ta zuwa gidanta, tunda can akwai mai aiki. Ka san gidan bene ne, in ta hau ba ta ƙara saukowa. Kaka kuwa ta daina tsokanata, ko abinci ba ta ci sosai. Yaya, ba na son ta tafi.

Wane ɗaki za mu shafa?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Ya karatu? Ki gaya wa Mama wannan launin shi manya ke yayi yanzu. Ragowar aikin wani gida ne da na gama, maigidan ya bar mini. Ku shafa wa falo, sau biyu, kada ku yanke masa hukunci sai ya bushe. Ku bar katakon ƙofa da makunnin wuta da farinsu. Ɗakin Kaka kuwa kada ku kusance shi, mai raunin ido ba a ƙara masa duhu.

Maganar Gwaggo, ki yi haƙuri, manya sun gama shawara. Ki gaida min matata, ki ce ta daina dambe da ƙofa.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na isar da saƙonka. Kaka ta ce mijin da ya aiko fenti maimakon turmin zani ba miji ba ne.

Ni da Baba muka shafa ranar Asabar. Da ya bushe ya yi kyau, kujerunmu ma sai suka zama kamar sababbi, ko da yake Mama ba ta yarda ba. Amma ba wannan ne dalilin wasiƙar ba.

Jiya da rana ina guga a falo, Kaka ta tashi za ta fita. Ka san yadda take yi, hannu a gaba tana lalube. Sai ta tsaya ta ce, "Ke 'yar boko, wa ya zana wa ƙofar nan baki?" Ta wuce ta tsakiya, ba ta taɓa bango ba. Da ta dawo, ta kai yatsa kan makunnin fanka kai tsaye.

Na yi ta tunani. A da bango fari ne, ƙofa fara, makunni fari, komai ya haɗe mata. Yanzu farin ya fito a kan duhun. Na ɗora farin kofinta a kan kantar da ke jikin bangon, ta je ta ɗauka. Na mai da shi ɗakinta, ta kasa gani.

Ka yi haƙuri, ina ganin ɗakinta ne ya fi bukatar fentin. Don Allah ka kira Gwaggo ka yi mata bayani. Ni ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Ƙanwarka mai biyayya,
Auta

*

Auta,

To, na sha kaye. Shekara nawa ina riƙe da burushi, ban taɓa lura ba. Ku shafa ɗakin, har da hanyar banɗaki.

Amma ba zan kira Gwaggo ba. Za ta ce ina nesa, me na sani? Ke kika gani, ke za ki faɗa. In muryarki ta maƙale, ki ajiye kofin kawai.

Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa. Mun shafa ɗakin Kaka. Gwaggo ta zo da babbar jaka. Da ta leƙa ɗakin ta ce, "Kun mai da min uwa cikin rijiya!" Na fara magana, ban kai rabi ba na yi shiru. Sai na ajiye kofin jikin bangon.

Kaka ta tashi, ta ɗauka, ta fita ta cika shi da ruwa, ta dawo ta miƙa wa Gwaggo. "Sha, kin sha hanya."

Gwaggo ta daɗe riƙe da kofin. Da yamma ta tafi da jakarta ba komai a ciki. Ta ce za ta sake dubawa bayan wata biyu.

Kaka ta cinye abincinta tas. Ta ce in gaya maka launin dai mummuna ne, amma kada wanda ya kuskura ya canza shi.

Taka,
Auta