Wa Zai Ɗanɗana Shayin?

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Ƙwannafin nan ya ishe ni. Wuta daga ƙirji har maƙogwaro. Inno ta jiƙa kanwa, wai da ita ta raine mu, mu bakwai. Na sha. Gyatsa kawai.

Alhamis, 9 ga Mayu
Asibiti. Likita ta ce ƙwaya kafin karin safe, in ɗaga kan gado, in bar yaji, in daina kwanciya da cikakken ciki. Na ce duk na karanta a waya, har tiyatar ɗaure bakin tumbi. Ta ce, "To, ka karanta inda aka ce ka bar shayi?" Idan ban bari ba sai a zura mini na'ura ta baki.

Ni ne mai dafa shayin majalisar Baba Ɗantsoho a Kokoro. Mai dafawa shi ke fara kurɓa kafin ya miƙa, a kowane zagaye. In miƙa wa dattijo abin da ban ɗanɗana ba? Gara in ajiye butar.

Juma'a, 17 ga Mayu
Ƙwayar banza.

Talata, 21 ga Mayu
To, ba banza ba ce, ni ke sha bayan na ƙoshi. Jiya na dafa mai ɗaci, na ɗanɗana duka, yau murya ta dishe. Shamsu, ɗan majalisarmu, da bakinsa: "Luqman, yau Kilomita Biyar za ta huta." Muryata yake nufi, wai daga kilomita biyar ake jin ta. Allah ya isa. Butar yake hari, na sani.

Lahadi, 2 ga Yuni
Ban je ba. An ce Shamsu ya dafa, ba kumfa. Madalla. Inno ta ce, "Girman kai bai taɓa kashe wuta ba." Ta kuma kawo kanwa.

Juma'a, 14 ga Yuni
Bayan masallaci Baba Ɗantsoho ya tare ni. "Kai yaro, mun gaji da ruwan wanki. Hannunka muke so, harshenka ka riƙe abinka." Na dafa. Na tsiyaya kofin farko, na tsaya. Kowa na kallo. Na miƙa wa Shamsu. Ya kurɓa ya ce sukari ya gaza. Ƙarya yake, amma na ƙara.

Bulo biyun da na ɗaga kan gado da su, saboda damina ne.