Kason Nazim na Naman Hunturu

Akshi, farkon Disamba

Zuwa ga 'yata Nazim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da surukarki da ɗan baƙon da ke cikinki. Yaya nauyin jiki? Mu nan lafiya lau, sai tarin babanki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Mun yi yankan hunturu, dokin da muka saba yankawa don naman lokacin sanyi. Jar goɗiyar nan muka yanka, wadda ta yi bazara tana kiwo a bakin tafki. Kitse kam sai wanda ya gani. Na ware miki kasonki kamar kowace shekara, na ba Tolegen direba ya kai miki birnin Karaganda. Mai ciki ba ta wasa da nama, ki ci ki ƙoshi.

Wasu likitoci sun sauka a makaranta, wai za su tsara yadda za a kula da mu da gwajin bam ɗin nukiliya na shekarun baya ya shafa. Da suka tambayi buƙatunmu, mata suka ce asibiti da rijiya mai zurfi. Babanki kuwa ya miƙe zai kawo tarihin kakanninsa, na ja masa riga ya zauna. Za su bi gida-gida da na'urar auna gubar bam ɗin.

Ki gaida mutanen gidanku.

Mamanki,
Zibagul

Akshi, tsakiyar Disamba

Nazim, 'yata,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

Wata likita daga cikin likitocin nan ta zo gidanmu. A ɗaki na'urarta shiru, a rijiya ta ɗan yi ƙas-ƙas. Da ta shiga rumbun nama sai ta kama ƙara ba tsayawa. Ta tambayi inda goɗiyar ta yi kiwo, babanki ya faɗa mata. Ta ce ai tafkin nan bam ne ya haƙa shi. Mun sani mana, amma tun da sojojin da suka yi gwajin suka tafi ba shinge ba alama, kuma ba inda ciyawa ta kai ta can. Ta ce a binne naman duka. Sannan ta tambayi wa da wa ya ci, na ce har 'yata mai ciki na aika wa. Ta ajiye biro, ta ce in sanar da ke maza.

Tolegen ya dawo jiya. Ya ce a ranar kika dafa, kina ta murna kin ji ƙamshin gida. Tsoro nake ji, Nazim. Ni na wanke wasu jariran ƙauyen nan, na san irin nakasar da idona ya gani.

In da saura, ki zubar, kada ko kare ya ci. Likitar ta ce a asibitin birni akwai gwaji na musamman ga masu ciki 'yan yankinmu, amma sai mace ta faɗi asalinta ake yi mata. Na san kin ce wa surukanki ke 'yar wajen Pavlodar ce, don ba mai son auro 'yar filin gwaji. Ban taɓa ganin laifinki ba. Amma gobe ki je asibiti, in likita ya tambayi inda aka haife ki, ki ce Akshi, ko da surukarki na tsaye a wurin.

Allah ya sauke ki lafiya. Babanki na gaishe ki.

Mamanki,
Zibagul