Jirgin Taki Ya Bi Ta Kan Gidanmu

Linz, 9 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga Yaya Milutin,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Persida da jikokin da ban taɓa gani ba. Na san ganin rubutuna zai ɓata maka yini, don haka ba zan tsawaita ba.

Na yi ritaya. Shekara talatin da shida a masana'antar ƙarfe, ta cinye min gwiwoyi, ta sallame ni da agogon bango. Ban ce an cuce ni ba, ni na kawo kaina. Abokan aiki suka ce za su saka ni a irin fararen jiragen ruwan nan na shaƙatawa, inda tsofaffi ke kwanciya a rana kamar kifin da aka shanya. Na ce na gode. Na ce in da gaske kyauta za su yi min, akwai jirgin dakon kaya da ke gangara kogin Dunav har bakin teku, yana da ɗaki ɗaya na fasinja. Takin zamani yake ɗauka. Sun yi dariya har da riƙe ciki, amma sun yi min, Allah ya saka musu.

Jirgin ba ya tsayawa a garinku, kwantar da hankalinka. Amma zai bi ta kan tsohuwar Topolnik, ta kan gidanmu da maƙabarta, inda ruwan madatsa ya rufe. Ina so in sakar wa Mama kyandir da gurasa a kan ɗan katako, yadda ake yi wa mamata, daidai inda take kwance. Ni ba zan gane wurin ba, ruwa duk iri ɗaya ne a idona. Kai kuwa kullum kana can da ragarka ta kamun kifi. Ka gaya min dutsen da zan duba ko bishiyar.

Ban janye abin da na faɗa maka a ƙofar coci ba. Da za a saki ruwa ka tono Baba ka hau da shi sabuwar maƙabarta, ka hau da tukunyarka ta dafa barasa, ka bar Mama. Amma ba faɗa nake nema ba, alamar wuri kawai.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Toza

Topolnik, 23 ga Afrilu

Toza ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Persida ce, kada ka yi mamakin rubutun. Yayanka ya karanta wasiƙarka a tsaye, ya ninke, ya ce, "Shekara talatin da shida, ko 'yaya bayanka' babu, sai 'ina dutse'." Ya fita wajen raga. Da ya dawo ya sake karantawa a zaune. Yanzu tana cikin aljihun rigarsa tana warin kifi.

Na ce masa, "Tsoho, ka ba yaron amsa." Ya ce, "Wane yaro? Mai shekara sittin da biyar?" Na ce, "To ka ba tsohon amsa." Ya ce shi ba magatakarda ba ne. Ku biyun nan Allah da ƙashi ɗaya ya yi muku kai, ni ce dai na sha wahalar zama da rabin.

Jirgin taki, Toza! Ljubinka maƙwabciyarmu ɗanta ya kai ta jirgin da ake canza mata tawul sau biyu a rana, har yau ba mu huta da labarin ba. Ni me zan ce mata? Ƙanen mijina ya zo wucewa a kan buhuna?

Maganar wuri kuwa, ni ban iya kwatance a kan ruwa ba. Akwai kuma abin da ba a bakina ya kamata ka ji ba, don haka na kulle shi. Ka rubuto ranar da za ku wuce, da inda wasiƙa za ta same ka a hanya. Sauran ka bar min. Na san lokacin da ake yi masa magana, bayan miyar kifi ne, kafin barci ya ɗauke shi a kujera.

Ka sa riga mai kauri, iskar kwazazzabo ba ta san bazara ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Matar yayanka, Persida

A kan ruwa, kusa da Budapest, 21 ga Mayu

Zuwa ga matar Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya. Rabon da wani ya ce min in sa riga mai kauri tun Mama na da rai.

Ki gaya wa Ljubinka tawul ɗina ɗaya ne, ni nake wanke abina, in shanya kusa da wandon kyaftin. Mu huɗu ne a jirgin. Kyaftin Ionel mutumin Romaniya ne, daga hayin kogi, ƙauyensu bai fi tafiyar yini daga namu ba. Sai matarsa Doina, sai wani dattijo mai kula da inji da ban taɓa jin muryarsa ba, sai ni. Doina ta shuka tumatir da barkono a tsofaffin bokitai a bayan jirgi. Rana ta biyu ta miƙo min wuƙa da dankali ta ce, "Kawu, a nan fasinja mai hannu ne." Na fere. Na fi jin daɗin wannan da duk jawabin da aka yi min ranar sallama.

Tafiyar ba sauri. Mai keke a bakin gaɓa yana wuce mu, har ya juyo ya ɗaga mana hannu. Da farko abin ya dame ni, na saba da ƙararrawa tana kora ta. Yanzu sai in zauna a kan akwatin igiya tun safe in kalli mata na shanya, da shanu a cikin ruwa har ciki, da masunta da ke zagin mu don mun kaɗa musu ƙugiya. Zagin ma daɗinsa nake ji. A Linz na zauna gida ɗaya shekara ashirin, maƙwabcina bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa tambayar sunana ba. Mutanen kirki ne, ban ce ba. Ni ma ban tambayi nasa ba.

Na gaya wa kyaftin abin da ya kawo ni. Bai yi dariya ba. Ya ce ƙauyen kakarsa ma yana ƙasan ruwan nan, duk wucewa sai ya cire hula. Amma ya ce jirgi mai kaya ba keke ba ne, ba ya tsayawa a tsakiyar kogi. Abin da zai iya, ya rage wuta na ɗan lokaci. In ban san wurin ba, sai dai in saki katakon a inda na ga dama, Mama ta zo ta nema.

Za mu sauke rabin kaya a Novi Sad, kwana uku, daga ashirin da biyar ga wata. Wasiƙa za ta same ni a ofishin tashar jiragen, da sunan kyaftin. Za mu wuce ku ranar talatin, da hantsi.

Ki gaya masa na tambayi bayansa.

Naki, Toza

Topolnik, 24 ga Mayu

Toza,

Gaisuwa. Bayana yana ciwo, tunda ka tambaya.

Ka sayi kyandir biyu, ba ɗaya ba.

Tsakanina da kai an haifi mace. Ina shekara huɗu, na tuna kukanta. Kwana biyu ta yi a duniya, ƙanƙara ta rufe hanya, limamin coci bai samu zuwa ba, ta tafi ba baftisma. Ba a yarda a kai ta maƙabarta ba. Baba ya binne ta a gindin bishiyar tuffar da ke ƙarshen lambu, wadda Mama ba ta bari mu hau. Mama na kiranta Ruzha. Ba wanda ya rubuta sunan a ko'ina.

Da Mama ta kwanta ciwon ajali kana soja, kuma kowa ya san ruwa na zuwa. Ta ce min, "Za a kwashe na maƙabarta a hau da su tudu. Ita ba wanda zai kwashe ta, ƙashinta ma ya zama ƙasa. Ka ɗauki ubanku, ni ka bar ni. Ba zan bar yarinya ita kaɗai a ƙasan ruwa ba." Ta sa na rantse ba zan faɗa ba sai ruwa ya rufe, don kada dangi su tilasta.

Ruwa ya rufe ranar Laraba. Ka iso ranar Asabar. Na yi niyyar gaya maka bayan coci, a gida, muna zaune. Ba ka tambaye ni ba, Toza. A gaban mutane ka yanke min hukunci, ka hau mota. Ni kuma na ce tunda haka ne ka zauna da abin da ka sani. Wannan laifina ne, na yarda, ya kuma yi tsawo.

Ba dutse ba bishiya. Ka duba koren kwale-kwale. Ina zuwa wurin duk shekara, ba sai na duba komai ba.

Milutin

Bayan madatsa, 31 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun.

Wasiƙarka na karanta ta a zaune a kan matakalar ofishin tasha. Doina ce ta zo ta same ni da kwandon cefane. Na karanta mata. Ta kama hannuna kamar makaho ta kai ni wata coci muka sayi kyandir na biyu, ƙarami. Jiya da sassafe ta gasa gurasa biyu, babba da 'yar ƙarama kamar tafin hannu. Mai injin nan da ba ya magana shi ya fere katakon, ya huda masa ramuka biyu. Ban san wa ya gaya masa ba.

Na shekara talatin da shida ina riƙe da fushin nan, Yaya. Da shi nake tashi aiki, da shi nake ƙin zuwa gida duk hutu. Na ƙi zuwa bikin 'ya'yanka saboda shi. Ashe ni kaɗai ne a gidanmu ban san Mama ba. Sau nawa ta dake ni a kan tuffar nan, ina cewa rowa ce.

Ka ga abin da ya faru, amma bari in gaya maka yadda ya kasance daga sama. Kyaftin ya rage wuta tun daga kwanar kogi, ya cire hula, ya busa ƙaho sau ɗaya, dogo. Na hango kore. Na ga wani tsoho a tsaye ya ɗaga filafilin tuƙi, da wata mata a zaune ta riƙe masa wando kada ya faɗa. Na ce a raina wannan ai Baba ne. Sai ka buɗe baki.

"Kai! Haka ka yi ƙiba?"

"Kai kuma ka tsufa!"

"Na riga ka farawa! Kada ka jefa, wawa, igiyar ruwan jirginku za ta kifar da shi. Sauko min da shi!"

Muka sa katakon a bokitin Doina, na riƙa sakin igiya, kana ta faɗa. "A hankali! Ƙarfe ka saba ɗauka, wannan wuta ce!" Persida na cewa, "Bar yaron ya yi, tsoho." Ka karɓa, ka tare iska da hularka, ka jira har muka ɗan gota, ka sunkuya ka ajiye. Duka biyun suna ci. Na gani da idona.

Na ɗaga murya na ce ka yafe min. Ka sa hannu a kunne ka ce, "Me?" Na sake faɗa. Ka sake cewa, "Me?" Kafin na uku kyaftin ya ƙara wuta, dole ne, ruwa ya fara juya mu. Ban sani ba ko ka ji. Don haka ga shi a rubuce. Ka yafe min. Na kuma gode da ka riƙe mata alkawari, da ka riƙa zuwa wurinsu su biyu duk shekarun nan, ni ina can ina zaginka.

Ban san abin da zan yi yanzu ba. Sauran kwana biyar mu kai teku, su ɗauki masara su juyo. Kyaftin ya ce ɗakin nawa ne har Linz in ina so. Za mu sake wuce ku wajen sha takwas ga Yuni. In ba ka son ganina a ƙofarka ba zan ga laifinka ba, zan cire hula in wuce. Wasiƙa za ta same ni a Konstantsa, tashar bakin teku.

Ka gaida Persida. Ka ce mata na sa rigar.

Ƙanenka, Toza

Topolnik, 4 ga Yuni

Toza,

Gaisuwa. Kunnena lafiya lau. Na ji tun na farko. Daɗi ya yi min, na so ƙari.

Ka ƙarasa tekun. Ni ban taɓa ganinsa ba, ka duba da kyau, zan yi tambayoyi.

Ranar sha takwas zan fito da kwale-kwale. Ka gaya wa kyaftin ya nemi igiya mai ƙwari, wannan karon kai za a sauko min da kai.

Sai ka zo.
Yayanka, Milutin