Kada Ka Kwashe Gwangwanayenmu

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta ƙwalle, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, mijina abin alfaharina, wanda manoman Rogo ke kira Malam Sabi'u, ni kuwa bakina ke jin nauyin sunansa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya kaɗaici, ya su Hajiya? Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kullum kuke waya da ita. To ya zan yi? Ɗakin nan ba ya rabuwa da mutane. Inna na bakin gado, Gwaggo Tasalla na kan tabarma tana tsintar shinkafa kunnuwanta a buɗe. Da ka kira sai in ce maka lafiya lau, in bar maganar da ke raina. Shi ya sa na roƙi Yaya Bara'atu ta samo mini biro, ita za ta miƙa maka wannan a zaure ranar Juma'a.

Masoyina, na gaji da kwanciya! Tun ranar da jini ya ɓalle mini, ka kwashe ni a gigice zuwa asibiti, likita ta ce in ana son cikin nan ya zauna sai na kwanta har haihuwa, aka dawo da ni gidanmu a Karaye, duniyata ta koma katifa ɗaya da 'yar taga. Tagar ma ba ta nuna mini komai sai katangar maƙwabta da reshen darbejiya. Ba na taka ƙasa sai da dalili, sai da hannun wani a kafaɗata. Ina jin ƙarar babur ɗinka tun daga kan kwana, ina jin ka durƙusa kana gaida Baba da murya ƙasa-ƙasa. Sai a ce ka leƙo, ka tsaya bakin ƙofa kanka a sunkuye, ka ce ya jiki, ka juya. Ni da kai, kamar baƙi! Wace irin ƙishirwa ce wannan, ga rijiya ina kallo an ɗaure mini hannu?

Ka san abin da ke riƙe da hankalina a wannan kurkukun? Wasanmu.

Ka tuna ranar da ka fara yi mini bayaninsa, ina amarya, lalle bai gama barin hannuna ba? Ka ce kai da abokan aikinka malaman gona, da kuka saba auna gonaki da waya, kun ɗauko wani wasa da ake yi a duniya: mutum ya ɓoye ɗan gwangwani mai murfi a daji, ya tura wa 'yan uwa lambobin wurin, su kuma su bi taswirar waya har su gano shi. Wanda ya samu ya rubuta sunansa a 'yar takardar ciki, ya ɗauki ƙaramin abu, ya ajiye wani, ya mayar yadda ya tarar. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce manyan mutane da gemu suna wasan ɓuya! Ba ka yi musu ba. Asabar na zagayowa ka ce in sa takalmi mai ƙwari.

Wayyo wannan safiya! Dawa ta yi kai, gyaɗa ta rufe ƙasa shar, raɓa ta jiƙa mini bakin hijabi. Muka bar babur a gefen hanyar Gwangwan muka shiga da ƙafa, kibiyar wayarka na juyawa kamar kan ƙadangare, har ta kai mu gindin wata tsohuwar kuka ta ce mun iso. Ka duba saiwa, ka ɗaga duwatsu, ka zagaya ka sake zagayawa, gumi na tsiyayar maka. Ni kuwa na ga wani ɓawon itace da aka jingina a bakin kogon kukar, zamansa bai yi kama da na faɗuwa ba. Na ture shi da kara, sai ga gwangwani! Ihun da na yi har tsuntsaye suka watse. Kallon da ka yi mini a lokacin, ya hasken rayuwata, wata ɗan daren sha huɗu bai taɓa haska ni haka ba.

Ihun nan ne ya jawo mana Malam Yusha'u, tsohon da ke da gonar. Ya zo da fartanya a kafaɗa, fuska a murtuke, ya ɗauka asiri muke binne masa. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka zazzage gwangwanin a gabansa: maɓalli, zoben roba, guntun fensir. Ya juya su da yatsa, ya dube mu, ya tambaya ko da gaske saboda wannan tarkacen muka ƙona mai tun daga Rogo. Da ka ce e, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ciro goro ya jefa ciki, wai kasonsa ke nan. Kai kuma kunya ta hana ka gaya masa ba a sa abin ci. Da muka koma bayan sati biyu tururuwa ta cika gwangwanin, shi kuwa tsohon ya naɗa kansa mai gadinsa, yana korar 'yan kiwo daga wurin.

Daga nan ai ni na zama mai tashinka. Tsakanin duwatsun Rogo Ruma, ƙarƙashin kwalbatin hanyar Turawa, cikin kututturen ɗorawa: duk inda muka ɓoye ko muka gano, na san ƙamshin ƙasarsa. Yanzu in ɗaki ya matse ni sai in rufe ido in bi su ɗaya bayan ɗaya, in ji ƙaiƙayin ciyawa a ƙafata, in ji muryarka a bayana kana cewa in yi a hankali.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yaya Bara'atu ta gaya mini maganar Gwaggo ta kai kunnenka, cewa yawon gindin kuka da jijjigar babur ne suka jawo mini wannan. Ta ce tun ranar ka fita daga rukunin wasan, ka rame, har ka ce za ka bi ka kwashe gwangwanayenmu ka ƙona. Da na ji, sai na juya fuskata ga bango na yi kuka marar sauti don kada Inna ta gani.

Don girman Allah kada ka yi! Ni da bakina na tambayi likita, a gaban Gwaggo. Ta ce mabiyiya ce ta zauna a ƙasa, kuma ko a ɗaki na wuni tun farkon cikin haka za ta zauna. Ba laifinka ba ne, ba laifin gindin kuka ba ne, haka Allah ya tsara. Shekaranjiya da aka sake ɗaukar hoto, jinin ya tsaya, abin da ke cikina yana motsi har likitar na murmushi. Ta ce dai in ci gaba da kwanciya, kuma mai yiwuwa sai an yi aiki. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ka kwashe gwangwanayen nan, ina zan riƙa zuwa in na rufe ido? Za ka rufe mini ƙofa ɗaya da ta rage?

Ka fita, ya bangon jinginata. Ka zama ƙafafuna. Ka je ka duba ko ruwan bana ya shiga na Rogo Ruma, ka gaida Malam Yusha'u, ka ce ina neman addu'arsa. Ka dawo ka gaya mini ko gero ya nuna, ko ɗorawa ta zubar da ganye, ko da Gwaggo na sauraro.

Sannan ina roƙon abu ɗaya. Ka ɓoye mini sabo, nawa ni kaɗai, kada ka tura wa kowa lambobinsa. Ka zaɓi wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba hawa ba gangara, inda mace mai ɗinki a ciki da goyo a baya za ta iya kaiwa a hankali. Kada ka sauƙaƙa ɓuyan don tausayi, zan gane! In Allah ya tashe ni, da ƙafata zan je in nemo shi. In kuma ya nufa wani abu daban, ka adana lambobin har abin da zan haifa maka ya iya tafiya, ka riƙe hannunsa ku je tare, ka bar shi ya gano da kansa.

Hannuna ya gaji, Inna kuma ta fara tambayar me nake rubutawa haka. Ka sani, a kwance ko a tsaye, a ɗakin nan ko a bayan babur ɗinka, zuciyar nan ba ta da wani mai ita sai kai, har ranar da za ta daina bugawa.

Taka har abada, mai jiran ranar fita,
Ummu Habiba